Yadda Kamerata Ta Kori Mutane Daga Rumfar Wanzami

Ku aje wayoyin nan tukuna. Kai mai jar hula, da kai nake. Tun da kunka shigo shagon nan kuke ta cika baki, wai za ku yi fim mai tada hankali, wai ai waya ta isa, a danna nan a danna can shi ke nan. To, ni Isaka na fi shekara ashirin ina riƙe da kamera a garin Konni, kuma sau ɗaya tak na ɗauki hoton da ya tsorata mutane da gaske. Hoton nan saura kaɗan ya raba wani dattijo da sana'ar da ya gada wurin ubansa. Ku gyara zama in ba ku labarin, amma sai na fara daga inda na koyi aikin, don ku san ba jiya na fara ba.

Maigidana Labbo mai ɗaukar bidiyon biki da suna ne, Allah ya jiƙan shi. Kamerarsa ta kafaɗa ce mai cin babban kaset, nauyinta ya kai rabin buhun siminti. Shekara guda cur bai bar ni na sa ido a jikinta ba, batir kawai nake ɗauka ina naɗe waya. Ranar da ya fara miƙo mini ita, bai ce in ɗauki amarya ba. Ya cika ƙaramin kofin shayi, ya ɗora bisa kamerar, ya ce in je bakin tasha in dawo. In ya zube, a sake. Wata biyu ina wannan zirga-zirga, 'yan kabu-kabu suna kira na mai shayin gwamnati. Abu na biyu da ya koya mini shi ne, a wurin biki kada ka bar kowa a waje. Duk gwaggon da ba ta ga kanta a kaset ba, za ta zo har shago ta same ka, kuma ba ita kaɗai za ta zo ba.

To ku riƙe wannan, don nan bambancin yake. A biki laifi ne ka ɓoye mutum. A fim mai tada hankali kuwa, ɓoyewar ita ce aikin. Ka nuna ƙafa, kada ka nuna fuska. Ka nuna ƙofa tana motsi, kada ka nuna mai tura ta. Mai kallo da kansa zai cika sauran, kuma abin da zai cika ya fi duk abin da kake da shi muni.

Aikin fim ya same ni ne ta hannun Alhaji Mamman, mai kamyo uku, manyan motocin da ke ɗauko siminti daga Malbaza. Mutumin nan ya kalli fina-finan 'yan sanda har sunka hau masa kai. Wata rana ya shigo shagon nan, ya zauna inda kake zaune, ya ce, "Isaka, fim za mu yi. Direbobi na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, komisar na 'yan sanda yana bin sawu. Ni ne komisar." Na dube shi daga hula har takalmi. Alhaji in ya hau matakala uku sai ya tsaya ya yi salati. Na ce, "Alhaji, komisar gudu yake yi fa." Ya ce, "Kai dai ɗauki hoto." A lokacin an saba raba fim gida biyu, a saki kashi na ɗaya, in ya shiga kasuwa a saki na biyu. Munka tsara cewa a kashi na ɗaya duk zargi zai tafi kan wani wanzami, sai a na biyu a gane ba ruwansa, akawun tasha ne mai laifin.

Gudun farko a Tsarnawa munka ɗauke shi. Wanda ya fito a ɓarawo na gaba, komisar na biye, ni kuma ina zaune cikin baro ana tura ni, don hoton ya tafi sumul ba tare da tsalle ba. Sai ga dattawa zaune gindin wata bedi a bakin hanya. Wallahi ɓarawon nan ya rage gudu, ya ɗan rusuna, ya ce, "Ina wuninku, Baba?" Alhaji ya iso yana haki, shi ma ya tsaya. Ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, an samu shuka? Ɓarawo kuwa yana gefe yana jira a gama. Na yi ihu na ce, "Jama'a, kisan kai anka yi!" Alhaji ya ce, "To don an yi kisan kai sai a wuce manya ba gaisuwa?" Sau tara munka sake, sau tara suna gaisawa. Daga ƙarshe na bar su, na ce zan gyara a montaj, wato wurin yanka hoto da haɗa shi a kwamfuta. Na cire gaisuwar tsaf. Da fim ya fito, ɗaya daga cikin dattawan ya aika wa Alhaji cewa ya gani, tun da ya zama komisar ya daina ganin mutane.

Duhu ma sai da munka ƙirƙira shi. Ba mu da fitilun ɗaukar hoto, kuran kuma, wato lantarki, kun san halinsa, ya zo ya tafi ba sallama. Don haka duk abin da labari ya ce cikin duhu ya faru, da rana tsaka muke ɗauka, in na zo montaj in rage haske in zuba masa shuɗi. Dabara ce mai kyau, sai dai tana son ka duba bayan ɗan wasa. Ni ban duba ba. A bayan izin na Malbaza, masana'antar simintin nan, munka ɗauki komisar yana sanɗa, ga duhu ga tsoro, sai ga kaji shida suna kiwonsu hankali kwance, wata mata kuma ta wuce da laima. Ranar da anka nuna a gidan kallo wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Kajin Malbaza ba su barci ne?" Wurin da na so a riƙe numfashi, nan anka fi yin dariya.

Jini kuwa zoɓo ne da sukari, a dafa ya yi kauri. A hoto ba ka bambanta shi da na gaske. Abin da ba mu lissafa ba shi ne ƙuda. Direban da ya fito a gawa ya kwanta cikin rana, an zuba masa zoɓo a wuya, kafin in gyara ƙafafun kamera ƙudajen unguwar duk sun samu labari. Gawa ta daure, ta daure, sai ta kai wa kanta mari. Munka sake. Gawa ta yi atishawa. Sai da munka sa mutum biyu suna yi mata fifita daga wajen hoto.

Kun ga ke nan, fim ɗin nan duk inda na nemi tsoro dariya nake samu. Raina ya ɓaci ƙwarai, don sunana ne a jiki. Ina cikin wannan hali munka je ɗaukar wanzami.

Baba Gado wanzami ne na gaske, yana da rumfa a kasuwar Illela, tamu ta nan, ba ta ƙetaren iyaka ba. Tsoho ne dogo, marar yawan magana, mai sanyin hannu. Rabin mazan yankin shi ya yi musu askin suna, har daga Tajaye ake aiko masa in an yi haihuwa. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, so nake in ɗauke ka kana aikinka, za mu sa a fim." Ya ce, "Mi zan yi?" Na ce, "Ba komai, abin da ka saba." Na gaya masa za a zarge shi a farko, daga baya a wanke shi. Ya yi murmushi ya ce, "In dai za a wanke, to ba laifi, ɗana."

Yanzu ku buɗe kunne, ga aikin. Na kwanta a ƙasa, rub da ciki, na ɗago kamera tana kallon shi daga ƙasa, don duk wanda ka ɗauka daga ƙasa sai ya yi girma ya cika ido. Na karɓi tiren mai shayi na aje a bakin rumfa, rana ta bugi tiren, hasken ya haura fuskarsa daga haɓa. Hasken da ya taso daga ƙasa yana zurfafa idon mutum, ko limami ne sai ya koma abin gudu. Na ɗauki hannunsa kaɗai yana wasa aska a fata, a hankali, gaba da baya. Na ɗauki maƙogwaron wani direba da ya zauna aski, zakaran wuyansa na hawa yana sauka. Saura fuska. Na ce, "Baba, ɗaure fuska." Ya gwada, sai dariya ta kama shi. Na ce ya tuna abin haushi, ya ce shi ba ya riƙe mutane a rai. Ina shirin haƙura ke nan, sai wata akuya ta sa baki cikin zabirarsa, jakar fatar da yake aje kayan aiki, ta fara taunar igiyar. Baba Gado ya tsaya cak, aska a hannu, ya juya ido kawai ba tare da ya juya kai ba, ya zuba wa akuyar nan wani irin kallo. Kamera na tafiya. Ban yi ko tari ba.

Da na dawo shago na jera su: aska a fata, maƙogwaro, idon Baba Gado, sai aska kuma. Akuya na yanke ta na jefar. Kowane hoto na riƙa rage masa tsawo, na farko daƙiƙa huɗu, na biye uku, na biye biyu, don numfashin mai kallo ya riƙa gajarta tare da su. Kiɗa ban sa ba. Bido na samu, wato jarka, babu ruwa ciki, na naɗe hannu da tsumma ina bugawa dum, dum, kamar bugun zuciya. Daidai lokacin da askar ta taɓa wuya, na yanke. Allo ya yi baƙi, rubutu ya fito cewa a nemi kashi na biyu. Da na kalla ni kaɗai, tsigar jikina ta tashi. Na ji daɗi har na tashi na yi rawa a cikin shago.

A gidan kallo, da anka zo wurin, ba wanda ya yi maganar kaji. Wani mutum da ke kusa da ni na ga ya kai hannu ya dafe wuyansa.

Sai baƙar shekara ta zo. Shekarar ce katin memori na waya ya kashe faifai. Mutum ɗaya zai sayi faifan, kafin la'asar gari duk ya samu a waya, mu kuma muna zaune da kwalaye. Shagunan bidiyo sunka riƙa rufewa, wasu sunka koma cajin waya, ni na koma ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa. Alhaji Mamman kuma yara sunka sa shi gaba. Duk inda ya wuce sai su riƙa kwaikwayon gudunsa, suna riƙe ciki da hannu biyu. Ya yi rantsuwa ya ce shi da fim har abada. Kashi na biyu ko hoto ɗaya ba a ɗauka ba. Abin da ya fi yawo a wayoyin mutane kuwa shi ne guntun nan na wanzami, an yanko shi shi kaɗai, ba gaba ba baya.

Bayan kamar wata huɗu, ina zaune da hantsi sai ga sallama. Baba Gado ne, zabira a kafaɗa. Na tashi na ba shi kujera, munka gaisa. Sannan ya ce, "Ɗana, yaushe za a wanke ni?"

Na fara kame-kame. Ya ɗaga hannu.

"Kasuwa uku ke nan ban aske kai ko ɗaya ba. Mutum zai zo ya zauna, in jiƙa masa kai, in na ɗauko aska sai ya tuna ya bar jaki ba ɗauri. An yi haihuwa bakwai a Tajaye, ba wanda ya aiko. Wata ma ni na yi wa ubanta askin suna, ta ce ba za a ɗora wannan aska bisa kan jinjirinta ba."

Na ce, "Haba Baba, ai kowa ya san wasa ne."

Ya ce, "Sun sani. Har gaishe ni suke suna dariya. Amma wuya bai san wasa ba."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Mutumin nan bai nemi komai wurina ba, ni na je har rumfarsa na durƙusa. Kuma in abin ya ɗore, rumfar rufewa za ta yi, don masu injin aski na nan sun buɗe baki suna jira.

Na fara zuwa wurin Alhaji, na roƙe shi mu ɗauki ko minti goma ne na kashi na biyu. Ya ce in ina son zumuncinmu ya ɗore kada in sake ambaton kamera a gidansa. Sai na yi wata dabara da na ɗauka ta masu hankali ce. Na tono ainihin hoton da ban yanka ba, mai akuyar a ciki, na ɗauki talabijin da batirin mota na kai kasuwar Illela, na kunna wa jama'a. Na ce, "Ku duba da kyau, akuya yake kallo, ba mutum ba!" Anka taru anka kalla. Sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta riƙe haɓa ta ce, "La ilaha illallahu. Dabba ma haka yake kallon ta, ina ga ɗan Adam?" Wani kuma ya tambaya ko akuyar tana nan da rai. Na kashe talabijin na naɗe wayata.

Baba Gado yana zaune a rumfarsa yana kallon duk abin nan. Da mutane sunka rage, ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, bar wahal da kanka da na'ura. Kasuwa mai zuwa ka zo da kanka da gemunka. Ka zauna nan, gaban kowa."

Na ce to.

Ranar kasuwa na isa da hantsi, ashe labari ya riga ni. Rumfar ta cika ta batse, masu goro sun bar goro, har wani jandarma ya tsaya daga gefe yana leƙe. Na cire hula na zauna bisa tabarma. Baba Gado ya jiƙa mini kai, ya murza sabulu, ya jawo fata ya fara wasa aska, a hankali, gaba da baya. Ku ji abin mamaki. Ni na kwanta a ƙasa na ɗauki hoton nan. Ni na aje tire. Ni na san akuyar, na san launinta. Amma da na ji ƙarar askar nan a fata, sai na fara leƙen hanyar gudu. Tsoro na ji, tsoro na gaske, ba na wasa ba. Wani daga cikin taron ya ce, "Ku duba wuyansa, yadda yake a fim ɗin!"

Baba Gado ya dafa kaina ya ce, "Zauna daidai, kada ka sa in yanke ka a banza."

Ya fara daga dama. Wallahi ban taɓa jin hannu mai sauƙi irin nasa ba, askar tana tafiya ba ka ko jin ta. Ya sauko kunne, ya bi gemu, ya zo maƙogwaro. Kasuwa ta yi tsit. Na rufe ido ina karanta duk abin da na haddace tun daga makarantar allo. Askar ta wuce. Na buɗe ido, ina nan da raina, ko ƙwarzane babu.

Sai na ga ya goge askar a tafin hannu, ya naɗe ta, ya sa a zabira. Ya ce, "Tashi."

Na shafa kaina. Dama sumul, hagu gashi na nan yadda na zo da shi. Gemu ma haka, rabi akwai rabi babu, an raba shi daidai tsakiyar haɓa.

Na ce, "Baba, ai saura rabi."

Ya ce, "Wanga kashi na ɗaya ne. Na biyu sai kasuwa mai zuwa."

Kai! Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai daddawa har da zama a ƙasa. Jandarman nan ya dafa ginshiƙin rumfa yana share hawaye. Na kai hannu zan ɗauki hulata, Baba Gado ya riga ni, ya tura ta ƙarƙashin cinyarsa ya ce ita ma sai kashi na biyu. Ban gama miƙewa ba wani mahauci ya ture ni ya zauna a tabarmar, yana dariya yana cewa, "Baba, ni dai a haɗa mini duka biyun yau."

Haka na hau mota zuwa Konni, kai a buɗe. A kowane shinge sai an sa ni na juya dama na juya hagu ana kwatanta ni da hoton katina. Da na iso gari na nufi wurin masu aski, ashe su ma labari ya kai musu. Duk wanda na je wurinsa sai ya ce shi ba ya shiga aikin da babba ya fara. Na sayi reza zan ƙarasa da kaina, na tsaya gaban madubi, sai na ga in na yi haka na sake cin amanar tsohon nan. Na aje rezar. Kwana bakwai na yi a haka, har da ɗaukar bidiyon wani suna, inda ba wanda ya kalli rago, ni ake kallo.

Ranar kasuwa na yi sammako na koma Illela. Na tarar da mutum goma sha ɗaya zaune a bakin rumfa, ga kuma wani ɗan aike daga Tajaye yana jira da goron suna. Na matsa kusa na durƙusa na ce, "Baba, ga ni na zo." Bai ko ɗago kai daga askin da yake yi ba.

Ya ce, "Bi layi, ɗana."